Ɗora Murya a Kan Zancen Soyayya Cikin Wasannin Kwamfuta: Matsayin Jinsi da Karin Sauti a Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin wasannin kwamfuta akwai wani nau'i wanda mai wasa kan shiga rigar jarumin labari, ya zaɓa masa suna da jinsi, sa'annan ya riƙa zaɓen amsar da zai bayar duk lokacin da aka yi masa magana. Wasan Baldur's Gate II, wanda kamfanin BioWare na ƙasar Kanada ya fitar a 2000, yana cikin waɗanda suka yaɗa al'adar ba jarumi damar neman soyayyar ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa. A wasan Mass Effect na 2007 kuwa, an ɗauki maganganun jarumin sau biyu: Mark Meer ya ba da murya idan an zaɓi namiji, Jennifer Hale idan an zaɓi mace. Babu ɗaya daga cikin waɗannan wasanni da ya fito da muryoyin Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace abin da nahawun Hausa da al'adar maganarta za su buƙata daga mai ɗora murya, idan aikin ya zo hannun Hausawa.

2.0 Indiya-Hausa

Sana'ar da ta fi kusa da wannan a ƙasar Hausa ita ce ta ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, wadda ɗakin fassara na Algaita a Kano ya yi fice da ita. Tun a 1997 Brian Larkin ya nuna yadda soyayyar finafinan Indiya ta samu gindin zama a zukatan matasan Kano. Abin da Indiya-Hausa ta ƙara shi ne sanya wannan soyayya a bakin Bahaushe. Finafinan sun isa garuruwa irin su Jalingo, hedikwatar Jihar Taraba tun ƙirƙirar jihar a 1991, ta hannun masu tura fim a waya. Sai dai mai fassara fim yana ganin wanda ake yi wa magana. Mai ɗora murya a wasan kwamfuta bai san ko namiji ne ko mace zai zauna yana sauraro ba.

3.0 Jinsi a Wakilin Sunan Mutum na Biyu

Ingilishi yana da wakilin suna guda ɗaya na mutum na biyu, saboda haka jimlar furta so takan yi aiki ga namiji da mace ba tare da an sake ɗauka ba. Hausa ba ta yarda da wannan sauƙi ba. A dubi waɗannan misalai:

(1) a. Ina son ka. / Ina son ki.
b. Kai ne masoyina. / Ke ce masoyiyata.
c. Me ya hana ka zuwa? / Me ya hana ki zuwa?

A (1b) kowace kalma ta jimlar ta sauya: wakilin suna, da dirka, da suna, da mallaka. Wannan bambanci yana bin lamirin lokaci (kana/kina, za ka/za ki), da karɓau (maka/miki), da mallaka (naka/naki). Tun da zancen soyayya magana ce ta fuska da fuska, da wuya a sami jimla a cikinsa wadda ba ta ɗauke da mutum na biyu. Ke nan kusan kowace jimla da ake fuskantar jarumi da ita sai an ɗauke ta sau biyu, abin da ke nufin ƙarin lokaci da ƙarin kuɗi. Hausa ba ita kaɗai ke da wannan nauyi ba. Larabci yana raba anta da anti, harshen Foland kuma yana nuna jinsi a jikin aikatau shuɗaɗɗe, amma duk da haka wasan Cyberpunk 2077 na 2020 ya fito da cikakkun muryoyi a harshen na Foland.

A nan ne Jalingo ke da abin koyarwa. Hausa ce harshen kasuwa da na tasha a garin, tsakanin Fulani da Mumuye da Jukun Kona da sauransu, alhali ga da yawansu harshe na biyu ce. Fulatanci ba ya raba namiji da mace a wakilin suna. Mi yiɗi ma ita ce jimlar, ko wa ake faɗa wa. Don haka ba abin mamaki ba ne a ji wanda ya koyi Hausa daga baya ya ce wa mace ina son ka, kuma a fahimce shi sarai. A kunnen Bakano ko Basakkwace kuwa, wannan jimla ɗaya ta isa ta mai da fagen kuka ya zama na dariya. Ba daidai ba ne a yanke hukuncin cewa Hausar Jalingo ba ta cancanci shiga irin wannan aiki ba. Idan ɗan wasan cikin labari mutumin Muri ne, Hausar Muri ce ta dace da bakinsa. Sharaɗin kawai shi ne ya kasance marubuci ne ya nufi hakan, ba wai an soke jinsi don a rage kuɗin ɗauka ba.

4.0 Karin Sauti da Tsawon Wasali

Galibi mai ɗora murya a wasan kwamfuta shi kaɗai yake shiga ɗakin ɗauka, a miƙa masa jerin jimloli da aka ciro daga rassa daban-daban na labari. Daidaitacciyar hanyar rubutun Hausa kuwa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. A ɗauki rubutacciyar jimlar ka so ni:

(2) a. kaa soo nì (shuɗaɗɗe: son ya riga ya auku)
b. kà soo nì (umurni ko roƙo)
c. kâa soo nì (lokaci na gaba na biyu: ana sa ran son)

Tuna baya, da roƙo, da kyautata zato, duk a rubutu ɗaya. Abin lura shi ne ruɗanin bai shafi mace ba, domin kin, da ki, da kya sun bambanta a takarda. Wato haɗarin yana kan jimlolin da ake faɗa wa namiji. Maganinsa bai wuce a yi wa takardar mai murya alamun karin sauti ba, kamar yadda ake yi a ƙamus. Batun ya ƙara muhimmanci saboda muryar na'ura, wadda ta kasance babban dalilin yajin aikin masu ɗora murya na ƙungiyar SAG-AFTRA a Amurka daga Yuli 2024 zuwa Yuni 2025. Na'urar da za ta karanta Hausar da ba ta da alamu sai dai ta yi canke tsakanin (2a) da (2b) da (2c).

5.0 Alkunya

Akwai wurin da Hausa ta fi Ingilishi sauƙin aiki. Tun da mai wasa ne ke raɗa wa jarumi suna, ba yadda za a yi a ɗauki sunan tun da farko. Marubutan Mass Effect sun kauce wa wannan ta hanyar kiran jarumin da sunan zuriyarsa, Shepard, har a bakin mai ƙaunarsa. A al'adar Hausawa kuwa, mace ba ta cika kama sunan mijinta ba. Takan ce maigida, ko Malam, ko Alhaji, ko baban wane, budurwa ma takan ce wa saurayinta yaya. Rashin ambaton suna a nan shi kansa alama ce ta kusanci. Aikin da ya rage wa mai murya shi ne rarrabe Malam na ladabi da Malam na shagwaɓa da Malam na fushi, ta hanyar sassauta murya, ko jan wasalin ƙarshe, ko ɗan shirun da kan biyo baya kafin a ci gaba da magana.