Sabuwar laftof ko tsohuwar kwamfutar tebur: Abin da ya kamata ka sani kafin ka biya kuɗi

A kasuwannin kwamfuta irin na titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja, yawancin kayan da ake sayarwa na hannu ne, waɗanda kamfanoni da ofisoshi a Turai da Amurka suka gama amfani da su.

Mai saye yakan tarar da zaɓi biyu a gabansa. Ga kwamfutar tebur mai tambarin Core i7, babba kuma mai araha. Ga laftof mai tambarin Core i5, ƙarama, ta fi sabunta, ta kuma fi tsada.

Da yawa sukan ɗauka cewa tunda 7 ta fi 5, kuma ta tebur ta fi girma, to ita ce ta fi ƙarfi. Wannan lissafi ya sa ɗalibai da masu shagon buga takardu da masu tace bidiyon biki sun zuba jarinsu a injin da bai dace da aikinsu ba.

Hukuncin yana hannun furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa duk wani aiki a kwamfuta. Sanin shekarunta da irin wutar da take sha shi ne zai raba gardama.

Yadda ake karanta lambar

Tambarin i3 da i5 da i7 na kamfanin Intel matsayi ne a cikin zubi guda, kamar a ce ƙarami da matsakaici da babba. Ba ya nuna shekarar da aka ƙera abin.

Shekarar tana cikin lambar da ke biye, abin da 'yan kasuwa ke kira jenareshan. A i7-4790, lambar farko 4 ce, wato zubi na 4. A i5-8250U zubi na 8 ne. Daga zubi na 10 zuwa sama kuwa lambobi biyu na farko ake dubawa, don haka i5-1135G7 zubi na 11 ce.

Harafin ƙarshe ma yana da ma'ana. U na nufin ƙwaƙwalwar laftof mai tsimin wuta. H ta laftof ce mai ƙarfi, wadda ke shan wuta sosai. T ta tebur ce da aka rage wa ƙarfi don ƙananan akwatuna. F kuma ba ta iya fitar da hoto da kanta, sai an haɗa mata katin hoto daban.

Akwai tarko a nan da ya kamata a sani. Kafin 2017, yawancin ƙwaƙwalen laftof masu harafin U ƙwaya biyu kacal gare su, har da masu sunan i7. Misali i7-7500U ƙwaya biyu ce. A watan Agustan 2017 ne Intel ya fito da zubi na 8, inda i5-8250U ta zo da ƙwaya huɗu. Ke nan i5 ta zubi na 8 ta fi i7 ta zubi na 7 a aikin da ke buƙatar ƙwayoyi da yawa.

Misali: 2014 da 2020

A ɗauki biyu da suka cika kasuwa. Core i7-4790 ta fito a 2014, ana samunta a akwatuna irin Dell OptiPlex 9020 da HP EliteDesk 800 G1. Ƙwayoyinta huɗu, saurinta gigahaz 3.6, tana iya hawa zuwa 4.0, kuma an tsara ta a kan wat 84.

Core i5-1135G7 ta fito a Satumban 2020, ana samunta a laftof irin Dell Latitude 5420. Ita ma ƙwaya huɗu ce, tana hawa zuwa gigahaz 4.2, amma an tsara ta a kan wat 12 zuwa 28, gwargwadon yadda mai ƙera laftof ɗin ya saita ta.

A takarda kamar sun yi kunnen doki. A aiki kuwa, ta 2020 ce ke gaba a yawancin abubuwan yau da kullum, kamar buɗe shafukan intanet da Word da Excel da taron Zoom.

Dalili shi ne gigahaz yana ƙirga sau nawa ƙwaƙwalwa ke bugawa a daƙiƙa ɗaya, bai faɗi yawan aikin da take gamawa a kowane bugu ba. Kamar leburori biyu ne da ke zuwa sau ɗaya a minti, amma ɗaya da kwano yake ɗiba, ɗayan da baro. A shekaru shidan da ke tsakaninsu, an inganta tsarin ciki ta yadda kowane bugu ke ɗaukar aiki mai yawa.

An kuma ƙanƙanta tiranzistocin. Ta 2014 an yi ta da fasahar nanomita 22, ta 2020 da nanomita 10. Ƙananan tiranzistoci ba sa shan wuta sosai, kuma ba sa zafi kamar manya.

Sai batun ram. Tsohuwar tana aiki da DDR3, sabuwar da DDR4, wadda ta fi saurin kai bayanai da kawowa.

Ga masu aikin bidiyo akwai wani bambanci da ba a rubuta shi a jikin akwati. Tun daga 2017 wayoyin iPhone ke ɗaukar bidiyo a tsarin HEVC, kuma wayoyin Android da dama sun bi sahu. Ƙwaƙwalen Intel na baya-bayan nan suna da wani sashe na musamman da ke warware irin wannan bidiyo cikin sauƙi. Zubi na 4 ba shi da cikakken wannan sashe, don haka duk nauyin kan faɗa wa ƙwayoyin. Shi ya sa bidiyon da ke gudu lafiya a waya yake cijewa a tsohuwar i7.

Inda ta tebur ta fi

Duk da haka, kwamfutar tebur tana da nata rinjayen, kuma na farko shi ne iska. Ƙwaƙwalwar laftof tana iya kaiwa saurinta na ƙoli, amma na ɗan lokaci. Idan zafinta ya doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone.

A garuruwa irin Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, siririyar laftof da aka ɗora wa aikin fitar da bidiyo na sa'a biyu za ta yi sanyin jiki tun kafin a yi nisa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe 'yar ƙaramar fankarta. Akwatin tebur yana da babbar fanka da sarari, kuma kowa na iya buɗe shi ya hure ƙurar.

Na biyu shi ne gyara da ƙari. A laftof na zamani an liƙe ƙwaƙwalwa a jikin allon uwa, ba a cire ta. A wasu ma har ram ɗin a liƙe yake. Idan allon ya ƙone, sau da yawa gyaran kan kusa kuɗin sayen wata.

A ta tebur kuwa kowane sashe zaman kansa yake. Ana iya canza ƙwaƙwalwa da wata mai irin mazauninta, a ƙara ram, a sa faifan ajiya biyu ko uku, a canza akwatin wuta idan ya lalace. Mafi muhimmanci, ana iya sa katin hoto. Tsohuwar i7 da aka haɗa wa kati irin GTX 1650 za ta bar laftof ɗin ofis a baya wajen wasanni da zanen gini mai fuska uku.

Sai dai a lura, siraran akwatunan ofis ba sa ɗaukar kowane kati. Gajeren kati kawai ke shiga, kuma akwatin wutarsu ƙarami ne.

Wa'adin Windows 10 ya cika

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10. Ya bar ƙofar ƙarin shekara guda ta gyare-gyaren tsaro ga ɗaiɗaikun mutanen da suka yi rajista, zuwa Oktoban 2026.

Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa. A ɓangaren Intel tana neman zubi na 8 zuwa sama, in ban da wasu 'yan ƙalilan, a ɓangaren AMD kuma akasari daga Ryzen 2000. Tana kuma neman wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0.

Ma'ana i7-4790, da ma i7-6700 ta 2015, ba sa cikin jerin da kamfanin ya amince da su. Masu gyara sun san dabarar tsallake sharuɗɗan su ɗora Windows 11, kuma takan yi aiki. Amma Microsoft ya bayyana cewa ba ya ba da tabbacin irin waɗannan kwamfutoci za su ci gaba da samun sabuntawa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shiga asusun banki ta kwamfuta, ko mai shagon da ke riƙe da takardun jama'a, lambobin NIN da hotunan fasfo. Duk ramin tsaron da aka gano bayan wa'adi, a buɗe zai zauna.

Mafita ɗaya ga tsofaffin injuna ita ce Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma ba sa neman waɗannan sharuɗɗa. Matsalar ita ce CorelDRAW da Photoshop da Premiere, da masu shaguna suka dogara da su, ba a yi su don Linux ba.

Lissafin wuta

A Najeriya, wutar lantarki tana cikin farashin kwamfuta. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara wa 'yan rukunin A kuɗin yunit zuwa Naira 225, kafin daga baya a ɗan rage, amma ya zauna sama da Naira 200. Man janareta kuma ya ninka tun bayan cire tallafi a Mayun 2023.

A yi kiyasi mai sauƙi. A ce kwamfutar tebur da allon kallonta suna shan wat 120 a lokacin aiki, laftof kuma wat 35. Aikin sa'a 8 a rana na kwana 26 ya zama sa'a 208. Ta tebur za ta ci yunit kusan 25, laftof kusan 7. A kan Naira 200, kimanin Naira 5,000 ke nan da Naira 1,400 a wata.

Bambancin ya fi fitowa ga mai sola. Batirin 100Ah mai bolt 12 yana riƙe da kimanin yunit 1.2, kuma irin na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. Wannan rabin zai riƙe ta tebur kimanin sa'a 5, ba a cire asarar inbata ba. Laftof kuwa zai kai ta wajen sa'a 17.

Sannan laftof tana tafe da batirinta. Idan an ɗauke wuta aiki na ci gaba. Ta tebur nan take take mutuwa da duk abin da ba a adana ba, kuma yawan mutuwar bazata na lalata Windows da faifan ajiya. Waɗanda suka ga duhun da ya mamaye yawancin jihohin Arewa na kwanaki a Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan wuta, sun san amfanin injin da ƙaramar sola ke iya cajawa.

Don haka wanda zai sayi ta tebur ya haɗa da kuɗin allon kallo da kibod da linzami da UPS. Bayan an tara duka, sau da yawa arahar kan ragu sosai. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Wa ya kamata ya sayi wacce?

Ɗalibi da ɗan jarida da malami da mai koyon rubuta manhaja, da duk wanda aikinsa ke yawo ko wutarsa ba ta da tabbas, laftof ta zubi na 8 zuwa sama ta fi masa. Ta AMD irin Ryzen 5 5500U ta 2021, mai ƙwaya shida, ita ma zaɓi ce mai kyau.

Mai shagon da ke aiki a waje guda, mai tsayayyiyar wuta, wanda ke fitar da dogayen bidiyo ko zane mai nauyi, ta tebur ce tasa. Amma ba dole sai ta 2014 ba. Core i5-8500 ta 2018, da ake samu a akwatuna irin OptiPlex 7060, tana da ƙwaya shida, tana kan wat 65, kuma Windows 11 ta amince da ita. Ta fi tsohuwar i7 ƙarfi duk da sunanta i5.

Injin zubi na 4 har yanzu yana iya buga takardu da koyar da yara kwamfuta. Sai dai a saye shi a farashin tsohon kaya, da sanin cewa kwanakinsa da Windows ƙidayayyu ne.

Kafin ka miƙa kuɗi

Kada ka yarda da sitikar da ke jikin kwamfuta, domin ana sayar da ita daban. Kunna injin, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga sashen Performance, za ka ga cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwar da yawan ƙwayoyinta.

A nan kuma za ka ga ko faifan ajiyar SSD ne ko tsohon mai juyawa. Sabuwar ƙwaƙwalwa a kan tsohon faifai za ta yi ta jan ƙafa. Ram kada ya gaza gig 8, mai aikin bidiyo kuma ya nemi 16.

Idan laftof ce, a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa yanzu.

A shiga BIOS a tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba, domin kwamfutocin da suka fito daga kamfanoni wani lokaci sukan zo a kulle. A ɗora wa injin aiki mai nauyi na minti 15 a shagon, a saurari fanka, a ga ko zai mutu da kansa.

Daga ƙarshe, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da adadin kwanakin da aka amince za a iya mayar da shi idan matsala ta ɓullo.