Arkiya: Halittun da Ke Tumbin Saniya, da Ramin Masai, da Ƙasan Teku

Duk wanda ya taɓa caka sanda cikin taɓon kududdufi bayan damina ya ga yadda kumfa ke tasowa ɓul-ɓul-ɓul. A shekarar 1776 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya tara irin wannan kumfa a bakin tafkin Maggiore, ya kai mata wuta, sai ta kama. Iskar da ya tara ita ake kira mitan, ita ce kuma mafi yawa a cikin gas ɗin da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. Daga baya an gano cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke samar da ita, aka jefa su cikin sahun bakteriya, aka wuce wurin. Sai da aka haura shekara 200 kafin a gane an yi musu gurguwar fahimta.

Wanda ya warware zancen shi ne Carl Woese na Jami'ar Illinois a Amurka, shi da abokin aikinsa George Fox. A 1977 suka kwatanta wani ɗan sashe na sinadarin gado da kowace ƙwayar halitta ke ɗauke da shi, sai suka ga masu yin mitan sun yi nesa da bakteriya ƙwarai, duk da cewa a madubin ƙara girma kusan ba a iya bambance su. Manyan masana da dama sun yi wa Woese kallon mai neman suna. Bai janye ba. A 1990 shi da Otto Kandler da Mark Wheelis suka raba masu rai gida uku: bakteriya, da arkiya (gidan da masu yin mitan ɗin suka faɗa), da masu ƙwayoyi masu cibiya, wato tsirrai da dabbobi da naman gwari da mutum. Kitsen da ke lulluɓe ƙwayar arkiya daban yake da na bakteriya, bangonta ma daban, sannan yadda take karanta umarnin gadonta ya fi kusa da namu.

Da farko an ɗauka su halittun wuraren azaba ne kawai, kuma akwai dalili. An same su a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone. An sami wata a yashin gaɓar tsibirin Vulcano na Italiya a 1986 wadda ta fi jin daɗi a zafin digiri 100, inda ruwa ke tafasa. A 2008 masu bincike a Japan suka nuna wata tana hayayyafa a digiri 122. Akwai masu son gishiri har ya kai ruwan ya ƙoshi ba ya narkar da ƙari, cikinsu har da wata da Anthony Walsby ya gani a 1980 a yankin Sinai, shafal take mai kusurwa huɗu kamar kan sarkin da ake mannawa a ambulan.

Daga 1992 wannan tunani ya rushe, domin an fara ganin alamunsu a ruwan teku mai sanyi na yau da kullum. Wani ƙiyasi na 2001 ya nuna sun kai kusan kashi 20 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a tekunan duniya. Suna cikin ƙasar noma, inda wasunsu ke sarrafa sinadarin amoniya, irin wanda takin yuriya ke komawa bayan an watsa shi. Suna fadamar shinkafa, suna cikin gara, suna cikin hanjin mai karanta wannan shafi.

Binciken da ya fi tayar da ƙura a 'yan shekarun nan daga ƙasan teku ya fito. A 2015 ayarin Thijs Ettema na Jami'ar Uppsala a Suwidin ya binciki laka da aka ɗebo tsakanin Norwe da Girinlan, kusa da wata maɓuɓɓugar zafi da aka raɗa wa sunan Loki. Ba su ga halittar da ido ba. Guntayen DNA suka tsinta cikin lakar, suka harhaɗa da kwamfuta, sai ga wata arkiya ɗauke da umarnin gina wasu sinadarai da a da aka yi imani sai ƙwayoyi masu cibiya ne kaɗai ke da su. A 2017 aka gano ƙarin danginta, aka haɗa su a zuri'a guda mai suna Asgard. Masu shakka suka ce watakila DNA ɗin wasu halittu ne ya gauraya da samfurin, ai ba wanda ya taɓa ganin abin nan da rai.

Amsa ta zo daga Japan, kuma ta zo da haƙurin da ya cancanci a jinjina masa. Hiroyuki Imachi da Masaru Nobu da abokan aikinsu sun ɗauki laka da aka ɗebo a 2006 daga zurfin kusan mita 2,500 a kwarin ƙarƙashin teku na Nankai, suka yi ta lallaɓa ta a cikin wata na'ura da ba iskar oksijin. Shekara 12 suna wannan reno. Bakteriyar hanji na iya rabuwa biyu cikin minti 20, amma arkiyar Asgard da suka samu a lakar sai ta yi mako biyu zuwa uku da 'yan kwanaki kafin ta ninka. A farkon 2020 suka wallafa hotonta: ɗan dunƙule ne mai dogayen hannuwa masu rassa, kuma ba ya rayuwa shi kaɗai, sai da wasu ƙwayoyi a gefe suna kwashe abin da yake fitarwa. A ƙarshen 2022 ɗakin binciken Christa Schleper a Biyana ya rena ta biyu, daga lakar gaɓar teku a Piran ta ƙasar Sulobeniya, aka ga zaren da ke riƙe siffar jikinta irin wanda ke cikin ƙwayoyin jikin dabbobi ne.

Abin da yawancin masana fannin ke gani yanzu shi ne, kimanin shekara biliyan 2 da suka wuce wata arkiya daga wannan zuri'a ta haɗa zama da wata bakteriya, har bakteriyar ta koma cikinta ta zama mitokondiriya, ɗan sashen da ke samar wa ƙwaya kuzari. In haka ne, rassan rayuwa biyu ne tun asali, na ukun daga haɗuwarsu ya fito, ra'ayin da James Lake ya fara kawowa tun 1984. Nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara da kanun labaran intanet masu cewa an gano kakan ɗan Adam a ƙasan teku. Zuzutawa ce. Maganar a kan asalin fasalin ƙwaya take, arkiyar da ke raye yau kuma ba kakar kowa ba ce, kuma har gobe masanan na jayayya kan yadda haɗuwar ta auku da reshen Asgard da ya fi kusa.

Wani zai ce ina ruwan mai neman na cefane da lakar Japan. To, ga inda irin wannan bincike ya taɓa kaiwa. A farkon shekarun 1990 wani ɗalibi ɗan Sifen, Francisco Mojica, yana nazarin wata arkiya mai son gishiri daga tafkunan gishirin Santa Pola, ya lura da wasu jerin DNA masu maimaita kansu. Bayan shekaru ya gane garkuwa ce da ƙwayar ke kare kanta da ita daga bairos. Wannan tsari shi ne CRISPR. Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna sun mayar da irinsa na wata bakteriya almakashin gyara DNA, suka sami kyautar Nobel a 2020. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin farko da aka gina kan wannan fasaha, kuma ciwon sikila yake magancewa, ciwon da Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da shi. Kuɗinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum guda, don haka gwajin jini kafin aure bai tashi daga muhimmancinsa ba.

A jikin mutum, arkiyar da aka fi sani ita ce mai yin mitan a babban hanji. Tana cinye iskar haidirojin da bakteriya ke saki lokacin narkar da abinci. An lura masu yawan mitan a numfashi sun fi fama da taurin bayan gida, an kuma sami wata irinta a dasashin masu ciwon haƙori. Duk da haka, har yau ba a tabbatar da wata arkiya guda da ke haddasa cuta ita kaɗai ba, abin da ke ba masana mamaki ganin yadda bakteriya ta cika duniya da kwalara da tarin fuka da taifot. Darasin da ke nan na masu zuwa kemis ne su ce a ba su kafso saboda kumburin ciki ko yawan hutu. Magungunan dangin fenisilin, irin su amfisilin da amoksisilin, bangon bakteriya suke rusawa, arkiya kuwa ba ta da irin wannan bango. Mai shan su barkatai yana kashe bakteriyar da ke yi masa aiki ne, yana kuma horar da masu cutarwa su daina jin magani.

Masu harkar fata da kirgi sun san jan tabon da ke fitowa a fatar da aka yi wa gishiri aka jibge a wuri mai zafi da laima. Arkiya masu son gishiri ne, kuma sau da yawa cikin gishirin suke zuwa. Suna cin fuskar fatar, ta isa majema darajarta ta faɗi. Sake amfani da gishirin da aka kakkaɓe daga wata fata yana ƙara yaɗa su.

Makiyayi ma yana ciyar da arkiya masu yin mitan bai sani ba. A tumbin saniya suke zaune, mitan ɗin da suke yi kuma ta gyatsa yake fita, lita ɗaruruwa a yini ga babbar saniya. Wannan asara ce ta kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin abincin da ta ci, kuma busasshiyar harawa mai tauri ta fi jawo asarar. Arkiya a duniya na samar da mitan kusan tan biliyan 1 a shekara, ko da yake wasu ƙwayoyin na cinye kaso mai yawa kafin ya kai sama. Wanda ya kai ɗin yana riƙe zafi kusan ninki 80 na kabon dayoksaid cikin shekara 20 na farko. Shi ya sa Tarayyar Turai ta amince a 2022 da wani sinadari mai suna Bovaer da ake sa wa shanun madara a abinci don ya rage aikin arkiyar tumbi.

Inda abin ya zama na rai da mutuwa shi ne ramin masai, da sokawe, da tsohuwar rijiyar da aka mayar juji. Duk inda ƙazanta ke ruɓewa ba iska, arkiya na can suna aiki. Mitan ba shi da launi, ba shi da wari. Warin gas ɗin girki ma kamfani ne ke sa shi da gangan don a gane yoyo. Idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri, ƙyastun ashana ko guntun taba ya isa ya tarwatsa murfin kankare. Yana kuma taruwa da kabon dayoksaid su kori oksijin daga ramin. Ga ta uku, wadda bakteriya ke yi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai: idan ta yi yawa tana kashe jin warin hanci, mutum ya ɗauka ta tafi, sai kawai ya yanke jiki.

Labarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Waya ko ɗan akuya ya faɗa rami, ko an ɗauko mai yasa. Na farko ya sauka, aka ji shiru. Ɗan'uwansa ya bi shi, shi ma shiru, na uku ya bi. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi tun 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan ƙuntatattun wurare masu zuwa ceto ne. A unguwa sai a ce ramin yana da iskoki. Iska kam akwai, amma wadda ake iya aunawa da na'ura ce.

Ɗaure hanci da ƙyalle ko takunkumi ba ya hana komai, domin ba ya ƙirƙiro oksijin. Zura fitila ko aci-bal-bal don gwaji, dabarar da masu haƙar rijiya suka gada, ganganci ne a ramin ƙazanta, haka ma zuba fetur ko kananzir don kashe wari. Aikin kwasa na motar zuƙa ne. In ya zama dole mutum ya shiga, a buɗe murafe duka a daɗe, a hura iska daga waje har ƙasa, a ɗaura masa igiya a ƙirji da ƙarti a sama masu iya jawo shi, kuma ba a kunna janareta a bakin ramin. Wanda ya faɗi a ciki, 'yan kwana-kwana ake kira masa, ko a jawo shi daga sama, kada kowa ya bi shi. Mai gina sabon sokawe kuma kada ya yarda magini ya bar bututun shan iska don rage kuɗi; a ɗaga shi ya wuce rufin ɗaki, a sa masa raga a baki saboda ƙuda da sauro.

Wannan iska dai in an tare ta a tankin da aka gina don haka, girki ake yi da ita. Miliyoyin gidaje a Sin da Indiya na zuba kashin shanu da ruwa a irin wannan tanki, arkiya su ba su gas mai mitan kashi 50 zuwa 70 cikin 100, ragowar kuma a kai gona taki. Zafin ƙasar Hausa ya dace da aikin, domin masu yin mitan ɗin sun fi kuzari a wajen digiri 35. Sharuɗɗan su ne ƙwararre ya gina, a riƙa gwada mahaɗan bututu da ruwan sabulu, murhun kuma ya kasance a wuri mai tagogi.