Masanan da Suka Shugabanci Majalisar Ba da Shawara kan Binciken Noma na Duniya

Gabatarwa

Manomin da ya shuka geron SOSAT a Yobe, ko gyaɗa SAMNUT 24 a Kano, ko ingantaccen rogo a Binuwai, da wuya a ce ya taɓa jin sunayen mutanen da za a ambata a wannan bayani. Amma tun kafin waɗannan iri su iso gonarsa, sai da wasu suka zauna suka yanke shawarar amfanin gonar da ya cancanci a kashe wa kuɗin bincike, da wanda zai jira. Yana da kyau malamin gona ya san ko su wane ne, domin irin karatun da shugaban majalisa ya yi yakan bayyana a shawarar da majalisar ke bayarwa.

A shekarar 1971 ne Bankin Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar suka haɗu da wasu ƙasashe da gidauniyoyi, suka kafa ƙungiyar CGIAR domin ɗaukar nauyin cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa. Cibiyoyi huɗu aka fara da su: ta shinkafa a Filifin, ta masara da alkama a Meziko, ta CIAT a Kolombiya, sai kuma IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967. Masu ba da kuɗin ba masana kimiyya ba ne, saboda haka suka naɗa kwamitin ƙwararru mai suna TAC, mai ofis a birnin Rum. Aikinsa shi ne ya jera matsalolin noma bisa muhimmancinsu, ya duba tsarin aikin kowace cibiya, ya kuma tura ayarin masu bin diddigi duk bayan kimanin shekara biyar. Ba shi da ikon tilasta wa kowa, sai dai masu kuɗin sukan saurare shi. An sha sauya masa suna daga baya, amma aikin bai canja sosai ba.

Crawford da Cummings: yadda dawa da gero suka samu shiga

Shugaban farko, daga 1971 zuwa 1976, shi ne Sir John Crawford, masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Ostireliya. Shi ya fara shugabantar ofishin nazarin tattalin arzikin noma na ƙasarsu a 1945, ya riƙe babban sakataren ma'aikatar ciniki, sannan ya koma Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya a 1960 a matsayin farfesa, har ya zama shugabanta daga 1968 zuwa 1973. Abin da ya fi shafar batunmu shi ne tafiyar da ya yi Indiya a 1964 zuwa 1965 cikin ayarin Bankin Duniya, inda aka ba shi nazarin sashen noma a lokacin da ƙasar ke dogaro da hatsin waje. Shawararsa ita ce a haɗa wa manomi iri mai kyau da taki da ruwa da farashin da zai ba shi sha'awar yin noman, domin guda ɗaya a cikinsu ba ya isa.

Da ya hau kujerar majalisar, nasarar sababbin irin alkama da shinkafa ta riga ta bayyana, amma a wuraren ban ruwa. Manomin da ke jiran damina, mai shuka dawa da gero a ƙasa mai yashi, bai ga komai ba. Majalisar ta ɗauki wannan a matsayin giɓi na farko da za a cike, ta tura masana uku su yi nazari, a cikinsu har da Hugh Doggett, ƙwararren mai inganta irin dawa da ya daɗe yana aiki a gabashin Afirka. Jagoran ayarin shi ne Ralph Cummings, kuma rahotonsu ne ya haifar da cibiyar ICRISAT a kusa da Haidarabad ta Indiya a 1972, daidai lokacin da fari ke cin yankin Sahel.

Shi Cummings masanin ƙasar noma ne daga Jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Ya jagoranci shirin noma na Gidauniyar Rockefeller a Indiya daga 1957 zuwa 1966, ya kuma taimaka wajen tsara jami'o'in aikin gona na ƙasar, waɗanda suka haɗa koyarwa da bincike da aikin malaman gona a wuri ɗaya. Ya riƙe ICRISAT daga 1972 zuwa 1977, sannan ya gaji Crawford a majalisar har zuwa 1982. A 1976 aka ƙara gyaɗa cikin ayyukan cibiyar, shekara ɗaya bayan annobar kuturtar gyaɗa ta 1975 da ta durƙusar da noman gyaɗa a arewacin Nijeriya. Daga baya cibiyar ta buɗe reshe a Sadore ta Jamhuriyar Nijar da wani a Kano. Haɗin gwiwarta da cibiyar bincike ta Samaru ne ya samar da SAMNUT 24 a 2011, kamar yadda aikinta da masana na ƙasar Mali ya samar da SOSAT, wanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta kawo wa manomanmu. Haka kuma a zamanin Crawford aka kafa cibiyoyin dabbobi biyu, ɗaya a Nairobi, ɗaya a Adis Ababa. Ta biyun ce ta gwada killatattun filayen ciyawar kiwo tare da Fulani makiyaya a kudancin Kaduna.

Zamanin faɗaɗawa

Bayan Guy Camus na Faransa, sai Alex McCalla ya hau a 1988. Ɗan Kanada ne, farfesan tattalin arzikin noma a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wanda ya yi suna a nazarin cinikin alkama na duniya, musamman yadda manyan ƙasashe masu sayarwa ke juya farashi. A hannunsa aka shigo da cibiyoyin da ke kula da itatuwa da gandun daji da kifi da ruwan ban ruwa, har adadin cibiyoyi ya kai 18. Manufar tana da kyau, amma kuɗin da ake samu bai ƙaru daidai da ita ba, don haka aka shiga haɗe wasu. Cibiyoyin dabbobin nan biyu ma sun koma ɗaya, wato ILRI, a tsakiyar shekarun 1990.

Per Pinstrup-Andersen na Denmak, wanda ya karɓi shugabancin a 2004, ya yi ƙwadago a gonaki kafin ya shiga jami'a. Bincikensa ya karkata ga tambayar da masu inganta iri sukan tsallake: idan amfanin gona ya ƙaru, shin abincin da talaka da 'ya'yansa ke ci yana gyaruwa? Ya shugabanci cibiyar nazarin manufofin abinci ta IFPRI daga 1992 zuwa 2002, ya kuma samu Lambar Abinci ta Duniya a 2001. Magajinsa, Rudy Rabbinge na Jami'ar Wageningen a Holan, yana cikin mutum uku da suka jagoranci rahoton 2004 kan noman Afirka da Kofi Annan ya nema. Rahoton ya nuna cewa tsarin noman Afirka iri-iri ne, kuma galibi gauraye ake shuka, don haka ba za a kwafo hanyar Asiya a dasa ta yadda take ba.

Cassman da giɓin amfanin gona

Wanda bincikensa ya fi kusa da aikin malamin gona na yau da kullum shi ne Kenneth Cassman, shugaban majalisar daga 2011 zuwa 2013. Masanin ƙasa da taki ne. A farkon shekarun 1990, yana cibiyar shinkafa ta Filifin, ya bi diddigin wata matsala: a filayen gwajin da ake noma shinkafa sau biyu ko uku kowace shekara, amfanin yana ta raguwa alhali iri da yawan taki ba su canja ba. Shi da abokan aikinsa sun gano cewa ƙasar da ke daɗewa cikin ruwa takan rage sakar wa shuka sinadarin naitirojin, wanda manomi ke samu a takin yuriya, kuma idan aka daidaita yawan takin da lokacin zuba shi da buƙatar shukar, amfanin yakan farfaɗo.

Da ya koma Jami'ar Nebraska a 1996, sai ya mai da hankali ga abin da ake kira giɓin amfanin gona. Kowane iri yana da iyakar abin da zai iya bayarwa a wuri, gwargwadon rana da zafi da ruwan saman wurin, idan taki ya wadata kuma ba ciyawa ba ƙwari ba cuta. Tazarar da ke tsakanin wannan iyaka da abin da manoma ke girbewa shi ne giɓin. Cassman ya lura cewa ko a ƙasashen da noma ya ci gaba, amfanin manoma yakan tsaya a wajen kashi 80 cikin 100 na iyakar. Dalili kuwa shi ne buhunan ƙarshe sun fi tsada: kuɗin takin da aikin da za a kashe a same su ya fi abin da za su kawo, ga kuma rashin tabbas na damina.

A ɗauki misali domin lissafi kawai. Idan iyakar masara a wani yanki buhu 50 ce a kadada, abin da ya dace a nema shi ne buhu 40. Idan manomi yana samun 15, giɓin da za a iya cikewa buhu 25 ne. A irin wannan gona, neman wani sabon iri ba shi ne aiki na farko ba, tun da wanda ke hannu ma ba a samu rabin ƙarfinsa ba. Lokacin shuka da yawan tsirrai da noman ciyawa da taki su ne abin dubawa. Amma inda manomin rani ya riga ya kai buhu 38, ƙara masa taki asara ce.

Tare da Martin van Ittersum na Wageningen, Cassman ya kafa taswirar giɓin amfanin gona ta duniya. A 2016 ayarinsu ya fitar da nazari kan ƙasashen Afirka goma, ciki har da Nijeriya da Nijar da Gana. Sun nuna cewa masarar damina tana bayar da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na iyakarta, kuma buƙatar hatsi za ta ninka kusan sau uku kafin 2050. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ko da an cike giɓin zuwa kashi 80, ba zai wadatar ba sai an ƙara da noman rani da girbi fiye da sau ɗaya a shekara.

Wadda ta gaje shi a 2014, Farfesa Margaret Gill ta Jami'ar Aberdeen a Sikotilan, masaniyar abincin dabbobi ce, kuma ita ce mace ta farko a kujerar. Ta riƙe ta har 2019, lokacin da aka sake wa majalisar tsari. A cikin mutum goma da suka yi shugabancin daga 1971 zuwa wannan shekara, Emil Javier na Filifin ne kaɗai ya fito daga ƙasa mai tasowa, babu ɗan Afirka ko ɗaya. Wannan rashi ne, domin matsaloli irin su wuta-wuta a gonar dawa ko tsadar kai amfani kasuwa sun fi nauyi ga wanda ya tashi a cikinsu.

Su kansu masu lissafin giɓin ba sa iya yin sa daga ofis. Suna dogara ne da bayanan ruwan sama na shekaru masu yawa, da nau'in ƙasa, da ranar shuka, da tsawon kwanakin iri, da awon abin da aka girbe, kuma duk daga ƙasashen da ake nazari ake tattaro su. Saboda haka malamin gonar da ke kula da gonar gwaji ya riƙa rubuta ranar shuka da sunan iri da yawan takin da aka zuba, ya auna faɗin gonar da igiyar awo, sannan ya auna hatsin da sikeli bayan ya bushe, ba a ƙirga dami ba.