Bayan an sauya gaɓar kwatangwalo: kwanciya ba magani ba ce

Kwatangwalo shi ne inda ƙashin cinya ya haɗu da ƙugu. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne kamar ƙwallo, yana juyawa cikin gurbi mai kama da ƙoƙo. Tsufa yana cinye wannan gaɓa, faɗuwa tana karya ta. Ciwon amosanin jini, wanda ake kira emasi, yana hana jini isa kan ƙashin har ya mutu, ko da mutum saurayi ne.

In gaɓar ta lalace, likitan fiɗa yana cire ta, ya sa ƙwallon ƙarfe da ƙoƙon roba mai ƙwari. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya kyautata wannan aiki a shekarar 1962. Amma likita gaɓa kaɗai yake sauyawa. Ƙarfin ƙafa yana cikin tsoka, tsoka kuwa sai da motsi take ƙarfi. Wanda ya daɗe kwance, cinyarsa tana ramewa, kuma jini yana iya daskarewa cikin jijiyar ƙafarsa. Shi ya sa ake tayar da majinyaci ya taka tun ranar farko ko ta biyu.

Motsi huɗu na farko

A yi su a kan gado, bayan likita ya yarda. Kowane sau 10, da safe, da rana, da marece.

1. Kwanta rigingine. Ɗaga yatsun ƙafa sama, ka mayar da su ƙasa.
2. Miƙe ƙafa, ka danna bayan gwiwa a kan gado. Ƙirga 5, ka saki.
3. Matse tsokar ɗuwawu. Ƙirga 5, ka saki.
4. Ja ƙafar gefe a hankali, yatsu suna kallon sama, ka maido ta.

In ƙarfi ya fara zuwa, tsaya ka dafa bango, ka ɗaga ƙafar gefe, sannan baya. Yi tafiya cikin gida, kullum kana ƙarawa kaɗan. Riƙe sanda a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya.

Abin da za a kiyaye

A cikin sati 6 zuwa 12 na farko, sabuwar gaɓa tana iya gocewa. Kada a tsuguna. Kada a zauna a tabarma ko a ƴar kujerar tsakar gida. Kada a ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Wurin zama ya zama mai tsawo, gwiwa ba ta fi ƙugu bisa ba. A yi salla a kan kujera. A huda kujera a aza ta a bakin salga. Noman duƙe da hawan jaki su jira izinin likita, ko da damina ta kama. Gara a rasa noman shekara ɗaya da a koma ɗakin fiɗa.

Iyali, ku taimaka da wake, gyaɗa, ƙwai, nono da kifi, domin su ke gina tsoka. Amma kada tausayi ya sa ku hana shi tashi.

A koma asibiti maza maza in ƙwauri ya kumbura yana zafi, in zazzaɓi ya zo, in rauni yana ɗiga, in numfashi ya yi wuya, ko in ƙafar ta gajarce farat ɗaya. Kada a kai wannan gaɓa wurin maɗori.