Aisha Augie: 'Yar Zariya Da Ke Ba Da Labari Da Kyamara

Idan aka ce mai hoto, yawancinmu wanda ke faɗo mana a rai shi ne saurayin nan da ke kutsawa cikin mata ranar kamu ko suna, yana cewa a matso a yi murmushi. Sana'a ce mai kyau, amma akwai wani ɗaukar hoton daban, wanda ake rataye shi a zauren baje koli mutane su tsaya suna nazari. Irinsa Aisha Augie take yi.

A Zariya aka haife ta a 1980. Mahaifinta marigayi Sanata Adamu Augie ɗan jarida ne, mahaifiyarta kuwa Mai Shari'a Amina Augie ce, wadda ta kai har Kotun Ƙoli. Mahaifin ne ya fara damƙa mata kyamara tun tana ƙarama, daga baya ta karanci aikin jarida a Jami'ar Ahmadu Bello.

Salon da aka san ta da shi shi ne jera abubuwa biyu masu karo da juna gefe da gefe, don mai kallo ya tuna kowane labari fuska biyu gare shi. Wannan ya wuce latsa kyamara. Sai an jira haske ya daidaita, an zaɓi abin da zai shiga hoton, an kuma san abin da za a bari a waje, wanda a ganina shi ya fi wuya. Takan ɗauki hoto har daga sama.

A 2011 ta ci lambar yabo ta The Future Awards, a 2014 ta yi baje kolinta na farko ita kaɗai mai suna Alternative Evil. A 2024 aka naɗa ta shugabar CBAAC, cibiyar da ke adana kayan tarihin bikin FESTAC na 1977.

To, uwar da ke Abakpa wadda 'yarta ta cika mata waya da hotunan magariba da hayaƙin murhu da hannun kakarta, kafin ki goge su ki zauna da ita ta nuna miki uku da ta fi so, ki tambaye ta dalili. Ki kuma koya mata neman izini kafin ta ɗauki kowa, musamman 'ya'yan maƙwabta, balle ta ɗora a Instagram.