Ko Kun Sani? Tsohuwar Amfilifayar Jita Na Riƙe Wuta Bayan An Kashe Ta

Amfilifaya mai kwalabe, irin ta zamanin da Sharhabil Ahmed ya yi tashe da jitar lantarki a Sudan cikin shekarun 1960, takan riƙe wuta kusan bolt 400 a kafasitocinta ko an zare ta daga soket. Shi ya sa gwanin gyara ke fara sauke wutar kafin ya sa hannu.

Zafin bazarar garin Dindir na Sudan, da kan haura digiri 40, yana busar da ruwan cikin kafasita, sai sifika ta kama gurnani. Amfilifayar Fender da aka ƙera don Amurka kuwa bolt 120 take sha, alhali wutar Sudan 230 ce. In aka jona ta kai tsaye, ko fis ya tsinke ko transifomarta ta ƙone.