Abin da Ke Sa Sukari Ya Hau da Safe

Sau da yawa mai ciwon sukari yakan kwana bai ci kome ba, amma da safe ya auna ya tarar sukarinsa ya hau. To, daga ina ya fito? Daga hanta. Ita hanta kamar rumbu take, tana ajiye sukari, kuma daga wajen ƙarfe 3 na dare zuwa hantsi takan saki ajiyar don mutum ya tashi da ƙarfi. Ga mai lafiya, sinadarin insulin yakan shigar da shi cikin tsoka. Amma mai nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, insulin ɗinsa ba ya aiki sosai, sai sukarin ya taru a jini.

Ga yawancin manya, likitoci suna son awon kafin karin kumallo ya tsaya tsakanin miligiram 80 da 130 a desilita. Saboda haka, iyayenmu, a rage malmalar tuwon dare, a ci da wuri, a ɗan taka bayan an ci. Kada a ƙara magani sai da izinin likita. A riƙa rubuta awon ana kai wa asibiti, gama in an yi sakaci ciwon yakan taɓa ido da ƙoda. Allah ya ba mu lafiya, amin.